Shahon da ya ƙi sauka a hannun masu mulki: lamarin Marie Provazníková da ƙungiyar Sokol

Ranar 14 ga Agusta, 1948, a birnin Landan, 'yan matan Cekoslobakiya su takwas suka lashe lambar zinare a wasan jimnastik, wato wasan motsa jiki na tsalle da juyi, na gasar Olamfik. Hangari ta zo ta biyu da tazarar maki kusan biyar, Amurka ta zo ta uku. Da aka tashi ɗaga tutar ƙasarsu, sai aka ga an ɗaura mata baƙin ƙyalle. Ɗaya daga cikin 'yan wasan, Eliška Misáková, mai shekara 21, ta rasu a asibiti a ranar. Cutar shan-inna ce ta kwantar da ita bayan isowarsu Ingila. Yayarta Miloslava na cikin takwas ɗin da suka yi wasan.

Kwana huɗu bayan haka, shugabar tawagar, wata malamar makaranta mai shekara 57, ta shaida wa 'yan jarida cewa ita ba za ta koma gida ba. Dalilin da ta bayar gajere ne: a ƙasarta yanzu babu 'yancin magana, babu na jarida, babu na taro. Sunanta Marie Provazníková, kuma ita ake lissafawa a matsayin mutum na farko da ya yi amfani da gasar Olamfik ya guje wa gwamnatin ƙasarsa.

Mafi yawan masu ba da labarinta a nan suke farawa, a nan kuma suke tsayawa. Amma zinaren Landan ƙaramin abu ne a rayuwar matar nan. Abin da ta bauta wa tun tana yarinya har ta cika shekara ɗari wata ƙungiya ce mai suna Sokol, kuma sai an fahimci ƙungiyar kafin a gane abin da ya sa mace mai irin shekarunta za ta bar gida da aiki da matsayi a daidai lokacin da ta fi samun ɗaukaka.

Abin da ta shiga

Sokol a harshen Cek na nufin shaho. Mutum biyu suka kafa ƙungiyar a Firag, babban birnin Cek, a watan Fabrairu na 1862: Miroslav Tyrš, masanin falsafa da tarihin zane, da Jindřich Fügner, attajirin da ya zuba kuɗinsa. A lokacin Cek ba su da ƙasar kansu. Suna ƙarƙashin daular Ostiriya ne, kuma Jamusanci ne harshen ofis da na manya. Tyrš ya ga cewa al'ummar da aka hana ta rundunar soja da majalisa mai iko tana iya haɗa kanta ta wata hanyar da doka ba ta hana ba, wato zauren motsa jiki. Ya zauna ya ƙirƙiro wa kowane motsi suna a harshen Cek, don kada a ba da umarni da harshen mai mulki.

Wata al'ada da Fügner ya kawo ita ce ta fi ba ni sha'awa. A cikin Sokol babu "ranka ya daɗe". Lauya da maƙeri da ɗan kasuwa duk "ɗan'uwa" suke kiran juna, mata kuma "'yar'uwa", ana magana kai tsaye kamar tsara da tsara. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, "Nazdar", fatan nasara ke nan. Masu horarwa ba a biyan su ko sisi. Shugabanni zaɓen su ake yi, daga reshen unguwa zuwa na yanki har zuwa uwar ƙungiya. Kowane mataki yana da shugaban gudanarwa, sannan da jagoran horo, wanda shi ke da ta cewa a kan abin da ake yi a fili.

Babban taronsu sunansa "slet", kalmar da ake amfani da ita idan tsuntsaye suka taso daga wurare daban-daban suka sauka wuri guda. An yi na farko a 1882 a wani tsibiri da ke tsakiyar kogin Firag, da 'yan wasa kimanin 700. Mata ba su fito fili a slet ba sai 1901.

A wannan zamanin ne Marie ta taso. An haife ta ranar 24 ga Oktoba, 1890 a Firag, sunan gidansu Kaloušová. Provazníková sunan aure ne, domin a al'adarsu mace kan ɗauki sunan miji a liƙa masa "ová" a ƙarshe. Ta shiga Sokol a unguwar Karlín tana ƙarama, ta girma ta zama mai horarwa, ta kuma yi karatu ta zama malamar motsa jiki a makarantar 'yan mata. Tana da shekara 25 lokacin da ta ga haramcin farko: a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Ostiriya ta rusa uwar ƙungiyar. Haramcin bai yi tsawon rai ba. Daular ce ta riga rugujewa, kuma ranar 28 ga Oktoba, 1918, da aka ayyana ƙasar Cekoslobakiya, 'yan Sokol ne suka fito cikin kayansu suna tsare tituna da ofisoshi kafin sabuwar ƙasar ta tsayar da sojojinta. Shugaban ƙasa na farko, Tomáš Masaryk, shi kansa ɗan Sokol ne.

A 1932 aka zaɓi Marie jagorar horon mata ta ƙasa baki ɗaya. Ta riƙe wannan kujera har 1948.

Mata dubu talatin a fili ɗaya

Yana da kyau a ɗan tsaya a ga yadda aikin yake, domin a nan ne sirrin lamarin yake. Filin Strahov, wanda aka gina a kan tudu a Firag saboda slet na 1926, tsawonsa ya haura mita 300, faɗinsa mita 200. Filayen ƙwallo kusan tara za su shige cikinsa, kuma yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 200,000. An dasa alamomi a ƙasa, layi-layi, kowane ɗan wasa da tasa. Ana rubuta wasan tun shekaru kafin taro, motsi bayan motsi, da kalmomin da Tyrš ya ƙirƙiro, a buga a aika wa rassa tare da kiɗan da za a bi. Matar aure a wani ƙauye na yankin Morabiya da ma'aikaciyar masaƙa a arewacin yankin Bohemiya, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba, kowace za ta riƙa zuwa zauren garinsu da yamma bayan ta gama aikinta, wata da watanni, tana maimaita abu ɗaya. Sai a gwada su a yanki. Wadda ta ci, ita za ta sayi kayan wasanta, ta hau jirgin ƙasa zuwa Firag, ta kwana a ajin makaranta a kan katifar ciyawa. Gwajin haɗin gwiwa a babban fili kaɗan ne ƙwarai. Ranar wasa, jagora na tsaye a kan wani dandamali mai tsawo, tana ba da alama da tuta.

Haka aka yi a slet na goma, a watan Yulin 1938. Hitila ya riga ya haɗiye Ostiriya a watan Maris, yana kuma neman yankunan Cekoslobakiya da Jamusawa ke zaune. Maza kusan 30,000 suka yi wani wasa mai suna "Rantsuwa ga Jamhuriya", suna ɗaga hannu sama. A ƙarƙashin jagorancin Marie kuma mata kusan 30,000 suka shigo fili lokaci guda, suka yi wani wasa mai kama da rawa, da'irori na buɗewa suna rufewa. A shekarar ce kuma, a nan Firag, 'yan matan ƙasar suka lashe gasar jimnastik ta duniya, bayan azurfar da suka samo a Olamfik na Balin a 1936.

Ga abin da na ɗauka shi ne ƙashin bayan labarin. Wanda ke zaune a kan benci yana kallon mutum dubu talatin suna ɗaga hannu a daƙiƙa ɗaya ba zai iya bambance ko da son ransu suka zo ko tura su aka yi ba. A Jamus ta Hitila ma ana irin wannan taro, a Mosko ma ana yi. Hoton iri ɗaya ne. Bambancin yana can baya, inda ɗan kallo ba ya gani: wa ya zaɓi jagora, wa ya biya kuɗin jirgi, me zai faru da wadda ta ce yau ba ta zuwa. Marie ta yi rayuwarta ne a wannan bayan fagen, shi ya sa ta san bambancin fiye da kowa.

Wata uku bayan slet ɗin, a ƙarshen Satumba, Birtaniya da Faransa suka zauna da Jamus da Italiya a Munik suka yanka ƙasar ba tare da an ba masu ita kujera ba. Ranar 15 ga Maris, 1939 sojojin Jamus suka shiga Firag.

'Yan Nazi

Jamusawa ba su yi wani ɓoye-ɓoye ba. Sun dakatar da ayyukan Sokol a watan Afrilun 1941. A ƙarshen Satumba Reinhard Heydrich ya iso Firag a matsayin mai riƙon ƙasar, kuma cikin kwanakinsa na farko aka harbe Augustin Pechlát, jagoran horon maza, wato takwaran Marie. Daren 7 wayewar 8 ga Oktoba 'yan sandan Gestapo suka bi gida-gida da jerin sunaye suka kwashe shugabannin Sokol kimanin 1,500. An wuce da da yawa daga cikinsu sansanin Auschwitz, inda shugaban ƙungiyar, Stanislav Bukovský, ya mutu a 1942. Aka rusa ƙungiyar, aka ƙwace zaurukanta.

Heydrich ya san abin da yake tsoro, kuma bai yi kuskure ba. Ragowar 'yan Sokol sun kafa ƙungiyar ɓoye mai suna Jindra, kuma gidajensu na cikin waɗanda suka ɓoye sojojin lema biyu na Cekoslobakiya, Jozef Gabčík da Jan Kubiš, waɗanda suka kai wa Heydrich hari ranar 27 ga Mayu, 1942. Ya mutu bayan kwana takwas. Ramuwar gayyar da ta biyo baya ta shafe ƙauyen Lidice, ta kuma cinye iyalai sukutum na waɗanda suka taimaka. František Pecháček, wanda ya tsara "Rantsuwa ga Jamhuriya", a sansanin Mauthausen aka kashe shi. Kafin yaƙin ya ƙare, 'yan Sokol fiye da 3,000 sun rasa rayukansu ta hanyar kisa ko a kurkuku da sansanoni.

Marie na cikin shugabannin da suka tsira. A 1945 ta koma kan aikinta, ita da sauran waɗanda suka rage suka shiga tattara ƙungiyar da aka sare wa kai. Abin mamaki, mutane suka yi ta tururuwa. Zuwa 1947 mambobin Sokol sun kai miliyan ɗaya, a ƙasar da yawan jama'arta bai fi miliyan 12 da ɗoriya ba. Aka sa ranar slet na goma sha ɗaya: bazarar 1948.

Kwaminis, da tambaya mai wuya

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. A watan Fabrairun 1948, ana tsaka da shirin slet, jam'iyyar kwaminis ta Klement Gottwald ta karɓe mulki gaba ɗaya. Ranar 10 ga Maris aka tsinci gawar ministan harkokin waje Jan Masaryk, ɗan shugaban ƙasa na farko, a ƙarƙashin tagar gidansa da ke cikin ma'aikatar. A watan Yuni shugaba Edvard Beneš ya sauka, Gottwald ya hau.

Kwaminis sun fi 'yan Nazi wayo a kan wannan batu. Ba su haramta Sokol ba. Sai ma suka "ɗaukaka" ta: aka ba da sanarwa cewa duk ƙungiyoyin wasanni na ƙasar za su narke su shiga cikinta. A lokaci guda kuma aka kafa kwamitocin tankaɗe da rairaya a kowane reshe, waɗanda ba wanda ya zaɓe su, suna cire shugabannin da ba a yarda da su ba suna ɗora nasu. Suna na nan, tuta na nan, zaure na nan, har gaisuwar "ɗan'uwa" ba a taɓa ta ba tukuna. Kura ce dai aka lulluɓa wa fatar akuya.

Marie ba ta ajiye aiki a Fabrairu ba. Ta tsaya ta jagoranci mata a slet ɗin, alhali Gottwald ne zai zauna a rumfar shugaban ƙasa. Wani zai iya cewa ta ba sabuwar gwamnati hoton da take so, na al'umma mai farin ciki da sabon zamani. Wannan zargi ba shirme ba ne, kuma gwamnatin ta so ta ci wannan riba. A nawa ganin dai, wadda ta san dubban mata sun shafe shekara biyu suna atisaye, wasunsu zawarawan waɗanda Gestapo ta kashe, da wuya ta watsar da su ana saura wata huɗu. Ban da haka, slet ne kaɗai wurin da ya rage da jama'a za su taru da yawa ba da kiran jam'iyya ba.

Abin da ya faru ya nuna lissafin bai tafi a banza ba. Wasan maza na wannan shekarar sunansa "Za Mu Riƙe Amana". Ranar 6 ga Yuli, lokacin jerin gwano a tsakiyar Firag, rukuni-rukuni na 'yan Sokol suna isowa gaban rumfar Gottwald sai su kau da kai gefe guda. Suna kiran sunan Beneš da na Masaryk, wasu na kaɗa ƙananan tutocin Amurka da Birtaniya. Wannan ce zanga-zangar jama'a mafi girma ta farko da sabon mulkin ya gani ido da ido, kuma bai yafe ba. An fara kame tun kafin baƙi su watse, sannan aka shiga kora, har mambobi fiye da 11,000 suka rasa katinsu.

Wata guda bayan jerin gwanon ne Marie ta sauka a Landan da 'yan matanta. A nan ma ta bi tsari iri ɗaya da na slet: sai da ta gama aikin da aka damƙa mata, 'yan wasan suka karɓi zinarensu a cikin makoki, sannan ta yi maganar kanta. A lokacin ita ce kuma shugabar kwamitin mata na hukumar jimnastik ta duniya, saboda haka maganarta ta yi nisa.

Me ta guje wa? Shekara biyu bayan haka, a Yunin 1950, gwamnatin ta rataye tsohuwar 'yar majalisa Milada Horáková, matar da ta tsira daga kurkukun 'yan Nazi. Wannan ya isa ya nuna abin da ke jiran fitattun da suka ƙi sunkuyawa. Amma akwai wani haɗarin da nake jin ya fi dacewa da lamarin Marie, wato a bar ta a kan kujerarta, ta ci gaba da tsayawa a dandamali tana kaɗa tuta, sunanta da shekarunta hamsin a Sokol suna halatta abin da aka mayar da ƙungiyar.

Abin da aka mayar da ita ɗin bai daɗe ba ya fito fili. A 1952 aka sake tsarin wasanni bisa salon Tarayyar Sobiyet, Sokol ta ɓace a matsayin ƙungiya, aka bar sunan a kan ƙananan kulob na ƙauyuka. A 1955 kuma aka buɗe wani taro a filin Strahov mai suna Spartakiáda. Fili ɗaya, alamomi a ƙasa iri ɗaya, ɗaruruwan dubban 'yan wasa, kuma da yawa daga cikin masu tsara wasannin tsofaffin masu horarwa ne na Sokol, don babu wasu da suka iya. Sai dai yanzu ta makarantu da barikoki da masana'antu ake tara mutane, kuma jam'iyya ake yi wa godiya. Gaskiya ita ce mutane da yawa sun ji daɗin Spartakiáda, har yau akwai tsofaffin da ke tuna ta da alheri. Wannan ma wani ɓangare ne na wayon.

Shekara arba'in da biyu a waje

A farkon 1949 Marie ta isa Amurka. Ba ta sauka a baƙon wuri gaba ɗaya ba, domin 'yan ci-ranin Cek sun kafa reshen Sokol a birnin St. Louis tun 1865, kuma rassa sun bazu a garuruwa irin su Chicago da New York. Ta koyar a kwalejin Panzer da ke jihar New Jersey, inda ake horar da malaman motsa jiki. Sauran lokacinta kuma ya tafi a kan haɗa 'yan Sokol da ke gudun hijira, horar da masu horarwa, rubuce-rubuce, da magana a rediyon da ke watsa shiri zuwa ƙasarta daga Yamma. 'Yan gudun hijirar sun riƙa yin nasu slet a birane irin su Biyana da Zurik da Faris.

Kada a ƙawata abin fiye da kima. Matar da ta taɓa ɗaga tuta mutum dubu talatin suka motsa, yanzu tarukan da take halarta ba su kai ko kusa da haka ba, kuma jikokin 'yan ci-rani da yawa harshen Cek ya fara kuɓuce musu. A gida kuwa an goge sunanta daga tarihin zinaren 1948. Tsara guda ta tashi tana jin "Sokol" a matsayin sunan ƙungiyar ƙwallon ƙauye. A 1968 an ɗan yunƙura a farfaɗo da ƙungiyar, sai tankokin Sobiyet suka shigo a watan Agusta suka rufe zancen. Wata biyu bayan haka, a Olamfik na Meziko, gwarzuwar jimnastik ta Cekoslobakiya Věra Čáslavská ta sunkuyar da kai ta kau da shi gefe lokacin da ake taken Tarayyar Sobiyet. Duk wanda ya ga jerin gwanon 1948 ya gane wannan kau da kan.

Marie ta ci gaba da rubutu har tsufa ya yi nisa. A 1988, tana dab da shekara 98, aka buga littafinta a Jamus ta Yamma, mai taken "To byl Sokol", ma'ana "Wannan ita ce Sokol a da". Taken kansa ya nuna tana rubuta wa mutanen da ba su taɓa ganin abin ba ne, don kada a rikita musu shi da Spartakiáda.

Shekara ɗaya bayan fitowar littafin, a Nuwamban 1989, mulkin kwaminis ya faɗi. A watan Janairun 1990 tsofaffin 'yan Sokol, yawancinsu masu furfura waɗanda suka yi wasa a 1948, suka taru a Firag suka sake kafa ƙungiyar. Labarin ya iske Marie da ranta. Ta cika shekara ɗari a watan Oktoba, ta rasu ranar 11 ga Janairu, 1991 a garin Schenectady na jihar New York.

Slet na goma sha biyu ya zo a 1994, bayan shekara 46 da na goma sha ɗaya. Mutum kimanin 23,000 suka yi wasa a Strahov, shugaba Václav Havel na kallo. Tun daga 2000 ana yin taron duk bayan shekara shida, na baya-bayan nan a 2024, kuma majalisar ƙasar ta sa 8 ga Oktoba a cikin ranakun tunawa na hukuma saboda waɗanda aka kwashe a daren 1941. Mambobin ƙungiyar a yau ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na miliyan ɗin 1947 ba, kuma slet ya koma ƙananan filaye. Babban filin Strahov kuwa an yanyanka cikinsa zuwa filayen atisaye na kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Sparta.